Wuƙa da Gatari: Tarihin Abin Yanka na Matafiyi a Ƙasar Hausa

A cikin labarin Bayajida akwai wani wuri da masu ba da labari su kan wuce da sauri, alhali kuwa ya isa a tsaya a kansa. An ce da ya baro Barno, ya bar matarsa a Biram ta Gabas, sai ya biyo ta Gaya, ya iske maƙera a can, ya sa suka ƙera masa wuƙa. Da ita ya sare kan macijiyar nan ta rijiyar Kusugu a Daura. Ko abin ya auku haka ko bai auku ba, wannan wata magana ce daban. Abin lura shi ne, mutanen da suka riƙe labarin nan kaka da kakanni ba su ga abin mamaki ba a ce ɗan sarki ya taso tun daga Bagadaza da dokinsa, amma ranar da zai gamu da abin tsoro sai ya dogara ga ƙarfen da maƙeran ƙasar suka ƙera. A ruwayoyi da yawa ma wuƙa aka ambata, ba a ce takobi ba.

Duk da haka, da masana suka juyo kan makaman ƙasar nan, takobi ne ya ɗauke musu hankali. A. D. H. Bivar ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964, ya bi takubba da sulkunan da ke ajiye a fadojin sarakunan Arewa. A 1965 kuma Lloyd Cabot Briggs ya yi bincike a kan ruwan takubban Turai da a ke samu a hannun Abzinawa. Ayyuka ne masu kyau, kuma ba laifinsu ba ne da suka tsaya inda suka tsaya. Takobi ana adana shi, ana gadonsa, yana ɗauke da tambari wanda za a iya bin sawunsa har garin da aka ƙera shi. Wuƙar aiki kuwa wasa ta a ke yi har ta ƙare, gatari in ya gaji a mai da shi maƙera a sake shi ya zama wani abu. Watau abin da ya fi amfani shi ne ya fi saurin ɓacewa. Shi ya sa ɗalibin kwalejin horon malamai zai iya kawo labarin lifidi da kwalkwali da sulke waɗanda Tarihin Kano ya ce sun shigo a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, amma in an tambaye shi abin da falke ya kan riƙe ya shiga daji, da dalilin da ya sa ya zaɓe shi, sai ya yi shiru.

Amsar tana farawa daga ƙarfen kansa. Narka tama tsohuwar sana'a ce a wannan sashe na Afirka. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono murahun tama a cikin shekarun 1960, aka auna shekarunsu aka ga sun girmi haihuwar Annabi Isa da ƙarni huɗu ko fiye. A gindin Dala kuma an sami alamun irin wannan aiki na wajen ƙarni na 7, abin da ya yi daidai da ruwayar Kanawa cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, neman tama ne ya kawo su wurin. To, amma murhun nan ba ya narkar da ƙarfe ya zama ruwa. Ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,538 ya ke narkewa, murhun yumɓu da gawayi kuwa wajen 1,200 ya ke tsayawa. Abin da ke narkewa ya tsiyaye shi ne dattin dutsen, watau kashin maƙera. Ƙarfen ya kan taru ne dunƙule guda, mai ramuka kamar saƙar zuma, sai an farfasa shi, an mai da shi wuta, an yi ta dukansa da masaba kafin ya haɗe.

Abu biyu suka biyo bayan wannan. Na fari, ƙarfe ya yi tsada, gama kafin a sami abin da zai isa fartanya 'yan kaɗan sai an haƙa tama, an sare ƙirya an ƙona gawayi mai yawa, an kwana ana gadin wuta. Na biyu, dunƙulen nan ba jinsi ɗaya ba ne. Wani gefe ya sha sinadarin gawayi, watau kabon, ya yi tauri, wani gefe kuwa bai sha ba, ya zauna da laushi. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙarfen ba, amma shi ne ke raba wuƙar da ke riƙe kaifi da wadda ke dakushewa tun ba a gama fiɗa ba. Gwanin maƙeri shi ne wanda ya san gutsuren da zai ware domin aska, da wanda zai bar wa garma. Doguwar wuƙa siririya wadda za ta lanƙwasa ta komo ba ta karye ba tana bukatar ƙarfe mai jinsi ɗaya tun daga tsini har gindi, shi kuwa wannan murhun tama ba ya ba da shi da sauƙi.

Wanda ya gane haka ba zai raina gatarin Bahaushe ba. Baƙo ya kan dube shi ya ga ɗan ƙarfe kamar tafin hannu a soke cikin ƙatuwar ƙota mai kai, ya ɗauka rashin gwaninta ne. Ba haka ba ne. An rage ƙarfe ne har iyakar abin da zai yi sara, aka bar wa itace aikin nauyi, tun da itace kyauta ne. Wutsiyar ƙarfen a ke gasawa a huda kan ƙotar da ita, saboda haka ko wane sara ƙara zaunar da ita ya ke yi. In ƙota ta tsage a tsakiyar daji, mai gatari ya zare ƙarfensa, ya nemi reshe mai gwiwa, ya hura wuta, kafin rana ta faɗi ya koma aiki. In baki ya lanƙwashe, dutse ya ishe shi, domin ƙarfe mai ɗan laushi ba ya gardama da dutsen wasawa. Ga mutumin da ke kwana goma tsakaninsa da maƙera, wannan ya fi kaifin da ba ya gyaruwa.

A tuna da irin tafiyar da a ke yi. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro su kan tashi daga Kano ko Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga, tafiya da komowa watanni da dama. Ko wace rana in madugu ya sa aka sauka a inda babu gari, akwai aikin da ba ya canzawa: a sari rassa a kafa bukkoki, a yanki ciyawa a rufe su a kuma ba jakuna, a ja ƙaya a kewaye zango saboda kura da ɓarayi, a faskara itacen wuta, a fere turaku. A cikin duk wannan babu inda takobi ya ke da amfani. Gatari ne da lauje da wuƙa. Takobi yana rataye a kafaɗa domin ranar da 'yan fashi suka tare hanya, kuma hanyar Bargu ta yi suna da su, amma ranar nan ɗaya ce cikin kwanaki masu yawa. Haka makiyayi da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare gawo kuwa ya yi ganye, barandami ya kan ɗauka ya hau ya saro wa shanu rassa.

Ita wuƙa tana da wani dalili wanda masu rubutu daga waje ba su cika lura da shi ba, shi ne yanka. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan fiƙihu da aka fi karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kuma tana da babi a kan yanka da farauta. Hukuncin Malikiyya shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kada a ɗauke hannu sai an gama. Dabbar da maharbi ya cim mata da sauran rai, in ya yi sakaci ta mutu bai yanka ba, ta zama mushe. Haka in raƙumi ko sa ya faɗi a hanya, naman mutum hamsin yana rataye ga ko akwai wuƙa mai kaifi a kusa. Saboda haka sharuɗɗan wuƙar matafiyi Musulmi suka fito a fili. Ta yi tsawon da zai ratsa wuya a ja ɗaya ko biyu, ta yi kaifi ko yaushe, kuma ta kasance inda hannu zai kai gare ta ba tare da kwance kaya ba.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ya fi bayyana wuƙar hannu. Ana ɗinka wa kubenta zoben fata, a zura hannun hagu ciki. Abzinawa su kan sa tasu a sangalin hannu, mariƙin yana wajen wuyan hannu, a ƙasar Hausa da Barno kuwa ana yawan ɗaura ta a damtse. Babbar riga ba ta da ɗamara, mai doki kuma in ya sa wuƙa a ƙugu sirdi zai dame shi. A hannu kuwa tana ɓoye ƙarƙashin riga, ko mutum na zaune ko na kwance tana nan. Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin wuƙaƙen nan baki biyu gare su, wannan kuwa siffar makami ce. Mai baki biyu ba a dafa bayanta da yatsa, ba a buga ta da itace a tsaga wani itace, ga fiɗa kuma tana saurin huda fata. Mahauci da baduku, waɗanda wuƙa ce abincinsu, mai baki ɗaya suka riƙe. Wuƙar hannu sulhu ce tsakanin tsaron kai da aiki, ba ta cika ko ɗaya ba, amma ta fi babu nesa.

Akwai ɗan ƙaramin abu da ke tafiya tare da ita a cikin jaka, wanda shi ma shaida ne, watau ƙyastu. Ƙarfe mai laushi ba ya ba da tartsatsin kirki in an ƙyasta shi da ƙanƙara, sai mai tauri. Duk inda aka ga ƙyastu na ƙirar gida, an ga hujja cewa maƙeran wurin sun san yadda za su tsamo ƙarfe mai tauri su kuma ƙara masa tauri.

Sa'ad da Heinrich Barth ya shigo Kano a farkon 1851, ya iske ƙarfen Turai ya riga ya sami gurbi a kasuwa. Ya rubuta cewa ruwan takubba daga Solingen ta Jamus su ke zuwa, ta hamada, a Kano a ke yi musu mariƙi da kube, daga nan su bazu har Abzin da Barno da Nufe. Wasu takubban na ɗauke da hoton kyarkeci yana gudu, tambarin da asalinsa na garin Passau ne, maƙeran Solingen suka ara, daga baya maƙeran wannan gefen hamada su ma suka riƙa kwaikwayon tambarin Turai a kan nasu. Mai saye da ya dogara ga tambari kaɗai yana iya sayen kwaikwayon kwaikwayo. Amma abin da ya fi koyarwa a cikin bayanin Barth shi ne askar Styria, wani lardi na Ostiriya. Ya ce asake ne marasa kyau masu baƙin mariƙi na itace, amma mutane na son su, suna wasa su har su yi kaifi ƙwarai, su kuma ƙarfafa mariƙin da tagulla. Barth ya ga araha da rashin ƙawa. Masu saye kuwa ƙarfe mai jinsi ɗaya suka gani, shi ne abin da murhunsu ba ya ba su da yawa, sauran kuwa sun san za su iya gyarawa da hannunsu.

Wannan hali shi ya yanke wa tama hukunci. Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfe ya fara zuwa da nauyin da raƙumi bai taɓa ɗauka ba. Gutsattsarin ƙarfen dogo, da tsofaffin magagarai, daga baya kuma sifirin na mota, duk suka faɗo hannun maƙera. Sifirin ƙarfe ne da aka yi domin ya lanƙwasa ya komo, watau ainihin abin da maƙeri ya daɗe yana nema a cikin dunƙulen tama. Adda ma a wannan zamani ta zama ta kowa, musamman mai tambarin kada ta kamfanin Ralph Martindale na Ingila. Ta karɓe aikin sheme da saran ciyayi, amma ba ta kori gatari ba, domin busasshen icen ƙirya ko marke ba ya jin adda. Siffar gatari da ta wuƙa ba su sake sosai ba, ƙarfen cikinsu ne ya sake.

Maƙeran da ke ƙira suka ci gaba, masu narka tama kuwa suka rasa mai saye. A Adar, cikin ƙasar Nijar, sa'ad da Bafaranshiya Nicole Echard ta zauna da maƙeran Hausa a cikin shekarun 1960, ta iske an riga an bar aikin. Dattawan da suka yi shi da ƙuruciyarsu ne suka sake gina murhu, suka haƙo tama, suka hura wuta domin a gani a ɗauka a fim. Ta sa wa fim ɗin suna Noces de feu, watau bikin auren wuta, saboda da kalmomin aure da haihuwa maƙeran su ke kwatanta abin da ke aukuwa a cikin murhun.