Ƙarancin Sinadarin Aidin da Seleniyam: Abin da Ya Kamata Ka Sani

A gaban wuyanka, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayirod. Ita ce ke samar da sinadaran da ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya, sarrafa abinci da girman ƙwaƙwalwa. Ba ta iya wannan aiki sai da aidin. Seleniyam kuma shi ke taimakawa wajen mayar da sinadarin da ta samar zuwa nau'in da jiki ke amfani da shi, yana kuma kare ita tayirod ɗin daga lalacewa.

Daga ina matsalar take farawa?

Daga ƙasa. Mafi yawan aidin na duniya yana cikin teku ne. A yankunan da ke nesa da teku, da tuddai, da wuraren da ambaliya da zaizaya suka daɗe suna wanke ƙasa, aidin ɗin da ke cikin ƙasa da ruwan sha kaɗan ne. Duk abin da aka noma a nan, da dabbar da ta yi kiwo a nan, za su taso da ƙarancinsa. Shi ya sa mutum zai iya cin abinci ya ƙoshi kullum amma yana da wannan matsala. Seleniyam ma haka yake: gero ko masara ɗaya, wanda aka noma a wata gona ya fi na wata gona yawan sinadarin.

Wasu abincin namu kan ƙara tsananta lamarin idan dama akwai ƙaranci. Rogon da ba a jiƙa ko shanya shi yadda ya kamata ba yana barin wani guba da ke hana tayirod ɗaukar aidin. An kuma danganta yawan dogaro da gero da maƙoƙo a yankin Darfur na Sudan. Wannan ba dalilin barin fura ko tuwo ba ne. Idan aidin ya wadata, illar takan ragu ƙwarai.

Alamomi

Wadda kowa ya sani ita ce maƙoƙo, wato kumburin gaban wuya. Akwai kuma kasala, yawan jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida da ƙarin ƙiba ba dalili.

Amma babbar illar ba a ganinta a wuya. Idan kina da juna biyu kuma aidin bai ishe ki ba, ƙwaƙwalwar jaririn ce ke biyan farashin tun yana ciki. Hakan na iya jawo ɓari, haihuwar jariri ba rai, kurumta, tsumburewa, ko yaro ya taso da jinkirin fahimta a makaranta ana ta yi masa faɗa alhali ba laifinsa ba ne. Abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a wannan lokaci ba ya dawowa gaba ɗaya daga baya.

Matsanancin ƙarancin seleniyam ya fi fitowa fili a wasu sassan ƙasar Sin, inda ya haddasa ciwon zuciyar da ake kira cutar Keshan.

Nawa jiki ke buƙata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maikurogiram 150 na aidin a rana ga baligi, 250 ga mai ciki da mai shayarwa, 90 ga yara ƙanana har zuwa shekara 5, sai 120 daga shekara 6 zuwa 12. Seleniyam kuwa kimanin maikurogiram 55 ya ishi baligi.

Me za ka yi?

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin girki. Ka sayi gishirin leda da aka rubuta cewa yana da aidin. Gishirin gargajiya irin su manda da kantu, da wanda ake aunawa a buɗe a rana, ba su da tabbas. A gida, a zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da danshi da zafin murhu, a kuma sa shi a miya dab da saukewa. Ba ƙara yawan gishiri ake nufi ba, musamman ga mai hawan jini. Abin da bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba a yini ya isa. Kifin teku, ƙwai da madara suna ƙara aidin. Kifi, hanta, ƙoda, nama da ƙwai suna ba da seleniyam.

Kada ka sayi ƙwayar seleniyam da kanka. A arewacin Kwango an ga cewa ba da shi kafin a gyara ƙarancin aidin na ƙara raunana aikin tayirod, yawansa kuma na sa zubar gashi da lalacewar farce. Aidin ɗin da ake shafawa a rauni ma ba na sha ba ne.

Idan ka ga kumburi a wuya, kada a yi masa tsaga ko sakiya. Ka je asibiti, domin ba kowane maƙoƙo ne ƙarancin aidin ke kawowa ba. Gwajin jini da hoton wuya ne za su bambance. Ka gaggauta idan kumburin na girma da sauri, muryarka ta dushe, ko haɗiya da numfashi suna yi maka wuya.