Sinadaran Roba da Lalacewar Ƙwayoyin Gadon Ma'aikata a Ingila da Amurka, 1895 zuwa 2012

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin yadda aka gano cewa wasu sinadaran sarrafa roba suna lalata ƙwayoyin gadon ma'aikata. Ta nuna cewa doguwar tazarar da ke tsakanin shaƙar sinadari da bayyanar cuta ita ce ta jinkirta ilimi da doka, har aka daɗe ana ƙirga matattu kafin a iya ganin ɓarnar a jikin masu rai.

Gabatarwa

Ɗanyar roba ba ta da ƙarko: zafi ya sa ta danƙo, sanyi ya sandarar da ita. Tun da Charles Goodyear ya gano dabarar dafa ta da farar wuta a 1839, sana'ar ta koma ta haɗe-haɗen sinadarai, wasu don saurin dahuwa, wasu don narkarwa, wasu kuma don hana taya tsufa da tsagewa. Ma'aikacin ɗakin haɗi yana auna garin da hannunsa, na bakin injin gashi kuwa yana yini cikin tururi mai zafi.

Gargaɗin farko daga masana'antar rini ya fito. A 1895 wani likitan tiyata a Farankfot ta Jamus, Ludwig Rehn, ya ba da rahoton sankarar mafitsara a tsakanin masu haɗa launin rini. A 1938 Wilhelm Hueper ya ciyar da karnuka sinadarin bita-naftilamin a Amurka, suka kamu da wannan cuta. Ke nan kafin Yaƙin Duniya na Biyu an riga an san mai laifin, sai dai an ɗauka cewa haɗarinsa ya tsaya ga masu rini.

Abin da aka tarar a Birmingham

A 1948 ƙungiyar masu masana'antun sinadarai ta Birtaniya ta ɗauki nauyin wani bincike a kan ma'aikatan rini, wanda Robert Case na Cibiyar Chester Beatty da ke Landan ya jagoranta. Yana buƙatar jama'ar da ba ruwansu da rini domin kwatance, sai ya duba bayanan birnin Birmingham. A nan ya ci karo da abin da bai je nema ba: masu sankarar mafitsara sun yi yawa a cikin ma'aikatan roba. Da aka bi diddigi, sai aka iske wani sinadarin hana tsufan roba mai suna Nonox S, na kamfanin ICI, yana ɗauke da ɗan gurɓin bita-naftilamin. An janye shi daga kasuwa a 1949, Case da Hosker kuma suka buga sakamakonsu a 1954.

Janye sinadarin bai kawo ƙarshen maganar ba, kuma dalilin yana cikin yadda yake aiki a jiki. Idan ya shiga ta huhu ko ta fata, hanta takan sauya masa siffa domin a fitar da shi, amma ɗaya daga cikin siffofin da take samarwa ta fi asalin muni. Ƙoda ta tace shi zuwa mafitsara, ya kwanta cikin fitsari na tsawon sa'o'i, ya manne wa zaren DNA na ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon mafitsarar. Lokacin da ƙwayar ta zo rabuwa biyu, sai ta kwafi saƙon gadonta da kuskure, 'ya'yanta kuma su gaji kuskuren. Akan ɗauki kimanin shekara 20, wani lokaci fiye, kafin ƙari ya fito. Mutumin da ya rabu da Nonox S a 1949 lafiya lau yana iya fara fitsarin jini a ƙarshen shekarun 1960, bayan ya canja aiki ko ya yi ritaya, likitan da ya duba shi ma bai tambaye shi inda ya yi ƙuruciyarsa ba.

Doka ta yi nawa. Sai a 1967 Birtaniya ta haramta sarrafa bita-naftilamin da wasu 'yan uwansa. A 1972 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar wasu ma'aikatan Dunlop biyu, Wright da Cassidy, ta tabbatar da alhakin ICI na rashin gargaɗi a kan kayan da ya san suna da haɗari. Shekara 23 ke nan bayan janye sinadarin, 34 bayan karnukan Hueper.

Daga ƙirga matattu zuwa duba ƙwayar halitta

Duk hujjar Case ta dogara ne a kan takardun asibiti da na mutuwa. Ganin ɓarnar a jikin mai rai ya jira ci gaban kimiyya, domin sai a 1956 Tjio da Levan suka tabbatar cewa ƙwayar halittar ɗan Adam tana da kuromosom 46. A 1965 Tough da Court Brown suka ba da rahoton karyewar kuromosom a jinin masu aiki da benzin, sinadarin da masana'antar roba ta daɗe tana narkar da kayanta da shi. Alessandra Forni da abokan aikinta a Milan sun nuna cewa irin wannan tabo yakan wanzu shekaru bayan an daina shaƙar sinadarin.

A jihar Ohayo ta Amurka, ma'aikatan Goodyear masu yin wata ledar roba mai suna Pliofilm sun zama ma'aunin duniya a kan benzin. Binciken Peter Infante da abokansa na 1977 ya gano yawaitar sankarar jini a cikinsu. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar benzin a iskar wurin aiki daga kashi 10 zuwa kashi 1 cikin miliyan a 1978, masana'antu suka garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta soke matakin a 1980 bisa cewa hukumar ba ta nuna girman haɗarin ba. Sai a 1987 iyakar ta tabbata. Hukuncin na 1980 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai neman kariya, alhali hujjar cutar da ke ɓuya shekara 20 ba ta cika sai mutane sun mutu.

Wannan giɓi ne sababbin gwaje-gwaje suka zo cikewa. A 1980 masu bincike a Finlan suka nuna cewa fitsarin ma'aikatan roba yana sauya ƙwayoyin gadon bakteriya a ɗakin gwaji. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka samu gwajin da ke nuna tsinkewar DNA a ƙwaya guda: idan aka sa mata lantarki, gutsattsarin sukan ja jela kamar tauraro mai wutsiya, tsawon jelar kuwa shi ne ma'aunin ɓarnar. Fassara sakamakon tana buƙatar hattara, domin hayaƙin taba ma yana ɗauke da bita-naftilamin. Ya kamata kuma a lura cewa kalmar gado tana iya ruɗar mai karatu: abin da waɗannan gwaje-gwaje suka auna yana cikin ƙwayoyin jini da na mafitsara, wato cutarwar tana kan ma'aikacin kansa.

Akwai wani bincike mai kaifi biyu. A 1982 Cartwright da abokansa suka gano cewa ma'aikatan rini waɗanda hantarsu ke jinkirin kashe dafin irin waɗannan sinadarai, bisa halittar da suka gada, sun fi kamuwa da sankarar mafitsara. Ilimi ne mai amfani, amma yana iya zama tsani ga mai masana'antar da ya fi son tace ma'aikata a kan tsabtace iskar da suke shaƙa.

Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon ta Faransa ta nazarci masana'antar roba a 1982, a 1987 kuma ta sanya ta a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Sana'ar sukutum aka sanya, saboda ƙura da tururin sun haɗa sinadarai masu yawa waɗanda ke canjawa daga wannan zamani zuwa wancan. Bitar 2012 ta sake tabbatar da matsayin, ta kuma ambaci sankarar mafitsara, da ta jini, da ta kaluluwa, da ta huhu, da ta tumbi.