Hanyar Yanke a Kan Allon Maɓallai: Daga Tafiretar Akawu Zuwa Kwamfuta

Sa'ad da aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, aka koro ruwanta ta babbar magudana zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, maƙwabtan Madobi, abin da idon jama'a ya fi gani shi ne alkama da tumatir da shinkafa suna tsiro da rani. Amma akwai wani aiki da ya taso tare da ruwan wanda masu tarihi ba su cika kula da shi ba, watau aikin takarda. Tun da yake an auna gonaki, an baje su, an sake raba wa masu su bayan an cire wani kashi domin magudanai da hanyoyi, ya zama tilas a rubuta sunan kowane manomi da girman filinsa da kuɗin ruwan da ake bin sa. Da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a shekarar 1976, shekarar da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a Nijeriya duka, sai fayil ya daɗa yawa. Duk wannan kaya kuwa a kan yatsun mutum guda ya sauka, shi ne akawu mai buga tafireta.

Wannan akawu yana da asali a Arewa. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Manufar gwamnatin Sardauna ta danƙa ayyukan Arewa a hannun 'yan Arewa ba za ta yiwu ba sai da samari masu iya bugu da gajeren rubutu irin wanda Isaac Pitman ya fitar a Ingila a 1837. Ma'aunin gwanintarsu kuwa ɗaya ne: kalma nawa mutum ke bugawa a minti, da kuskure nawa. Ashe ke nan tattalin lokaci a kan allon maɓallai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Ita kanta tafireta a Amurka aka haife ta. Christopher Sholes da abokansa suka yi rajistarta a 1868, kamfanin Remington ya kai ta kasuwa a 1874, tana buga manyan haruffa zalla. A 1878 aka fito da samfuri na biyu mai wani maɓalli da aka rubuta wa Shift, wanda idan an danne shi yake gusar da abin da ke riƙe da takarda, har maɓalli ɗaya ya iya ba da ƙaramin harafi da babba. A nan ne tushen dukan hanyoyin yanke yake: a riƙe maɓalli ɗaya domin ya sāke ma'anar wani. Shekara goma bayan haka, a 1888, wani magatakardan kotu mai suna Frank McGurrin ya ci gasar bugu a birnin Cincinnati yana aiki da yatsunsa duka, bai dubi allo ba. Irin wannan bugu shi aka riƙa koya wa akawuna, kuma ka'idarsa ba ta tsufa ba: hannu ya zauna inda yake, ido ya tsaya a kan takarda.

Akawun zamanin farkon aikin Kadawa ya san tsadar kuskure. Idan yana son kwafi huɗu sai ya jera takardu da baƙar takardar kabon a tsakaninsu, ya buga da ƙarfi domin na ƙasa ya fito. Harafi ɗaya ya kauce, sai ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Idan kuwa shugabansa ya ce a mayar da sakin layi na uku ya koma na farko, to, ko dai a sake buga shafin daga sama, ko a ɗauko almakashi a yanka, a liƙa da gam. Kalmomin nan biyu, yanka da liƙa, daga teburin editoci da akawuna kwamfuta ta gaje su, ba ita ta ƙirƙiro su ba.

Maɓallin Ctrl ya fito ne daga injin aika saƙo ta waya, musamman samfurin Teletype na 33 da ya fito a 1963. Aikinsa shi ne aika umarni zuwa ga injin da ke can ɗaya gefen maimakon harafi. Alal misali, idan aka haɗa shi da G sai ƙararrawa ta kaɗa a wancan ofishi. Masu ƙera kwamfuta suka tarar da shi a shirye, suka ɗora masa kaya. Manhajar rubutu ta WordStar, wadda ta mamaye ofisoshi a farkon shekarun 1980, kusan dukan umarninta a kan Ctrl yake, har ma da matsar da alamar rubutu sama da ƙasa, hagu da dama, ta hanyar E da X da S da D. An yi haka ne da gangan saboda gwanayen bugu, don kada hannunsu ya tashi.

A gefe guda kuma akwai masu ganin cewa haddace umarni wahala ce da ke korar mutane daga na'ura. Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a San Francisco a 1968. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, Larry Tesler da Tim Mott suka gina wata manhajar rubutu mai suna Gypsy a tsakiyar shekarun 1970, inda aka tsara yanka da kwafa da liƙa kamar yadda aka san su yanzu. Tesler ya koma kamfanin Apple a 1980, kuma a kwamfutocin Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984 aka ba waɗannan ayyuka haruffan da suka zauna da su: X domin yanka, C domin kwafa, V domin liƙa, Z domin warware abin da aka yi. Duk wanda ya dubi allo zai ga dalili. Haruffan huɗu suna jere a layin ƙasa ta hagu, hannun hagu ya ishe su, na dama yana kan linzami. Kamfanin IBM ya fito da nasa tsarin a 1987, wanda ke amfani da Shift da Insert da Delete, amma bai shiga jinin mutane ba, har Microsoft ta karɓi Z da X da C da V tare da Ctrl a Windows 3.1 a shekarar 1992.

To, shin da gaske ne ana samun ribar lokaci, ko kuwa burga ce ta masu son a ce sun iya? An yi gardama a kan wannan, kuma gardama ce mai ma'ana. A 1980 masana uku, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, suka auna motsin hannun mai aiki da kwamfuta. Suka samu cewa matsakaicin gwani yana danna maɓalli a cikin kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa, kai hannu daga allo zuwa linzami yana cin kashi 4 cikin 10, nuna abu da linzami kuwa daƙiƙa 1.1. Bisa wannan lissafi, wanda ya ɗauki linzami, ya buɗe jerin umarni, ya zaɓi kwafa, ya mayar da hannunsa kan allo, ya kashe daƙiƙa 3.4, alhali Ctrl da C ba su wuce kashi 4 cikin 10 ba. Bambancin daƙiƙa 3 abin raini ne a ido. Amma a ɗauka cewa ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma yana shirya jerin sunayen manoman da za a ba taki, yana maimaita irin wannan motsi sau 300 a yini: ya zubar da minti 15 ke nan, a kwana 5 awa guda da kwata. Mutanen da ke zaune a kan benci a bakin ofis, waɗanda suka baro ban-ruwa suka biya kuɗin mota, su ne ke biyan wannan awa.

Bruce Tognazzini na kamfanin Apple ya kawo suka a 1989. Ya ce a gwaje-gwajensu mutane kan ce allo ya fi sauri, amma agogo yana nuna linzami ne ya fi, domin lokacin da mutum ke ɓatawa yana tuno haruffan umarni ba ya jin wucewarsa. Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya ga umarnin da ba a cika bukata ba, ko ga wanda bai riga ya haddace ba. Sai dai wani bincike da David Lane da abokansa suka buga a 2005 daga Jami'ar Rice ya nuna cewa hanyar yanke ta fi sauri, kuma abin mamaki, mafi yawan waɗanda suka daɗe suna aiki da Microsoft Word ba su bin ta. Sun tsaya a kan abin da suka fara koya. Idan aka haɗa maganganun biyu, abin da ya fito shi ne cewa riba tana cikin 'yan umarni kaɗan da ake maimaitawa kullum har yatsa ya san su ba tare da tunani ba, irin su S domin adanawa, F domin nemo kalma, A domin zaɓen komai, P domin fitarwa a takarda. Haddace ɗari biyu da ba a amfani da su aikin baban giwa ne.

Mai rubutu da Hausa yana da wata damuwa ta daban wadda Bature ba shi da ita, kuma a nan ne maganar ta fi shafar ɗalibai. Haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko a shekarun 1930, a zamanin da Rupert East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, ta sa ido ya saba da su. Maɗaba'a tana da su, amma tafiretar ofis, wadda aka ƙera domin Turanci, ba ta da su. Akawu mai kula sai ya gama bugu ya bi da alƙalami yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Marar kula kuwa ya bar su haka nan, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, baƙi su koma baki. Shi kansa gwamnan da ya gina Tiga, a takardun hukuma Bako yake. Mutumin Kura kuwa ya fi kowa sanin amfanin ƙugiya, tun da yake ita ce ke raba sunan garinsu da ƙura.

Da kwamfuta ta shigo Kano sai aka nemi dabara. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara zubin haruffa na Hausa, wanda ya fi shahara shi ne mai suna Rabi'at, kuma irin waɗannan zubi sun yi wa marubuta da jaridu da masu buga littattafai babban amfani. Dabarar ita ce a ari wani maɓalli da Hausa ba ta bukata a ɗora masa harafi mai ƙugiya: a wani tsari an ari alamomin baka, a wani kuma q ta tsaya wa ƙ, x ta tsaya wa ɗ, v ta tsaya wa ɓ. Wannan yanke ne na gaske, bugu ɗaya harafi ɗaya. Aibinsa shi ne cewa kwamfuta ba ta san an yi aron ba. Hoton harafin kawai aka sāke. Da zarar fayil ya je na'urar da ba ta da wannan zubi, sai a ga }asa ko qasa a maimakon ƙasa, ]aya ko xaya a maimakon ɗaya. Kundayen digiri da rahotanni masu yawa suna nan a haka, wanda ya nemi kalma a cikinsu da rubutunta na daidai ba zai same ta ba.

Maganin ya zo ne daga tsarin Unicode, wanda tun fitowarsa a 1991 ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa ta kansa, har da ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. A cikin Microsoft Word, wanda ya buga 0199 ya danna Alt da X zai ga ƙ ta fito. 0257 tana ba da ɗ, 0253 tana ba da ɓ. Hanya ce mai ɗan tsawo, amma manhajar tana ba mutum damar ɗaura kowane harafi a kan maɓallan da ya zaɓa, ya yi sau ɗaya ya huta, kuma Windows tana da tsarin allo na Hausa ga wanda ya kunna shi. Tsofaffin fayiloli ma ana iya ceto su da Ctrl da H, umarnin nemo da musanyawa, wanda zai mayar da kowace q ta koma ƙ a cikin kundi mai shafi 300 kafin a ƙifta ido, muddin an yi hattara da kalmomin Turanci da ke cikinsa.

Ɗaliban sakandare na Madobi da Kura da Bunkure sun gamu da wannan tarihi ta wata ƙofa da ba su zata ba. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita wajibi ga kowa a 2015. Nan da nan aka ga cewa yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzami ba yana ɓata mintocinsa yana kokawa da kibiyar da ke yawo a kan gilashi, alhali ya san amsa. A 2017, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta fito da tsarin maɓallai 8: A da B da C da D domin zaɓen amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin ta baya, S domin miƙa aiki, R domin komawa idan mutum ya fasa miƙawa. Linzamin da aka yaɗa domin sauƙaƙa wa sabon shiga, shi hukumar ta ga ya kamata a kewaye domin sabon shiga, aka koma ga abin da akawun Kadawa ya sani, watau yatsa a kan harafi.