Tsayarwa da lalube a birnin New York

Tsayarwa da lalube, wanda a Turance ake kira stop-and-frisk, wani tsari ne na rundunar 'yan sandan birnin New York da ke ƙasar Amurka, inda ɗan sanda ke tsayar da mutum a kan titi, ya yi masa tambayoyi, wani lokaci kuma ya lalube jikinsa ta saman tufafi don neman makami. Tsarin ya jawo muhawara mai zafi saboda yawancin waɗanda aka tsayar baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. A shekarar 2013 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa yadda birnin ke aiwatar da shi ya saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasar.

Tushen doka

Ikon tsayarwar ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 1968 a shari'ar Terry da jihar Ohio. Kotun ta ce ɗan sanda na iya tsayar da mutum na ɗan lokaci ba tare da takardar izinin kotu ba, matuƙar yana da zargi mai tushe cewa mutumin ya aikata laifi ko yana shirin aikatawa. Lalube kuwa sai in akwai dalilin zaton mutumin yana ɗauke da makami. Dole ne zargin ya dogara da wani abu takamaimai da jami'in zai iya bayyanawa. A New York ana buƙatar jami'in ya cike wani fom mai suna UF-250, kuma daga waɗannan takardu aka samo alƙaluman da aka yi amfani da su a kotu.

Tarihi

A ranar 4 ga Fabrairu, 1999, wasu 'yan sanda huɗu masu farin kaya suka harbe Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, a ƙofar gidan da yake zaune a yankin Bronx. Sun harba harsashi 41, guda 19 suka same shi, alhali ba ya ɗauke da makami. Bayan wannan kisa aka shigar da ƙarar Daniels da birnin New York, wadda aka sasanta a 2003 bisa sharaɗin rundunar za ta rubuta ƙa'idar da ta haramta zargin mutum saboda launin fatarsa.

Duk da haka, yawan tsayarwar ya yi ta ƙaruwa a zamanin magajin gari Michael Bloomberg da kwamishinan 'yan sanda Raymond Kelly. Daga 97,296 a shekarar 2002, adadin ya kai 685,724 a 2011. A ranar 17 ga Yuni, 2012, dubban mutane suka yi tattaki cikin shiru a titin Fifth Avenue don nuna adawa da tsarin.

Shari'ar Floyd

A 2008 ƙungiyar lauyoyi ta Center for Constitutional Rights ta shigar da ƙarar Floyd da birnin New York. Kotu ta duba tsayarwa miliyan 4.4 da aka yi daga Janairun 2004 zuwa Yunin 2012. Kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka tsayar baƙaƙen fata ne, kashi 31 'yan asalin Latin Amurka, kashi 10 kuma fararen fata. A ƙidayar 2010 kuwa, baƙaƙen fata kusan kashi 23 ne na mazauna birnin, fararen fata kashi 33. Kashi 6 na tsayarwar ne suka kai ga kama mutum, wasu kashi 6 suka kai ga sammaci, sauran kashi 88 kuma aka sallame su ba tare da wani mataki ba. A cikin waɗanda aka lalube, kashi 1.5 kaɗai aka samu da makami.

A ranar 12 ga Agusta, 2013, mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa birnin ya keta gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya hana bincike ba bisa dalili ba, da gyara na sha huɗu, wanda ya tabbatar da daidaito a gaban doka. Ba ta haramta tsayarwar gaba ɗaya ba. Ta umarci a naɗa mai sa ido daga wajen rundunar, a kuma gwada sanya wa jami'ai kyamara a jiki. Birnin ya ɗaukaka ƙara, kuma a Oktoban wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da umarnin, ta cire Scheindlin daga shari'ar. A Janairun 2014 sabon magajin gari Bill de Blasio ya sanar da cewa birnin zai janye ɗaukaka ƙarar.

Muhawara kan adalci

Masu goyon bayan tsarin, ciki har da Bloomberg da Kelly, sun ce bai kamata a gwada alƙaluman da yawan jama'a ba, sai dai da siffar waɗanda ake zargi da manyan laifuka. A cewarsu, an fi tura 'yan sanda ne unguwannin da harbe-harbe suka fi yawa, tsoron lalube yana hana matasa fita da bindiga, kuma rayukan da aka ceto yawanci na baƙaƙen fata ne.

Masu adawa sun ce tun da kusan tara cikin goma na waɗanda aka tsayar ba a same su da komai ba, babu hujjar gwada su da masu laifi. Sun kuma nuna cewa an fi samun makami a hannun fararen fata da aka tsayar, wato kashi 1.4, fiye da baƙaƙen fata, kashi 1.0, abin da suke ganin alama ce ta cewa ƙaramin zargi ya isa a tsayar da baƙar fata. Wani bincike da Andrew Gelman da Jeffrey Fagan da Alex Kiss suka wallafa a 2007 ya gano cewa bambancin yana nan ko bayan an yi la'akari da unguwa da yawan kamen da aka yi a baya. Sun ƙara da cewa wanda aka sha tsayarwa a gaban maƙwabtansa yakan daina yarda da 'yan sanda, ya ƙi kai rahoto ko ba da shaida.

Bayan hukuncin

Adadin tsayarwar ya ragu zuwa 11,629 a shekarar 2017. A daidai wannan lokaci kisan kai a birnin ya sauka daga 515 a 2011 zuwa 292 a 2017, saɓanin hasashen waɗanda suka ce laifuka za su ƙaru. Sai dai baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka sun ci gaba da zama mafi rinjaye a cikin waɗanda ake tsayarwa. A ranar 17 ga Nuwamba, 2019, Bloomberg ya nemi afuwa a wani coci da ke Brooklyn, inda ya amince cewa ya yi kuskure a kan tsarin.