Yadda ake gano mai kutse da ke neman cikakken iko a kwamfuta

Mai kutse ba ya samun cikakken iko da zarar ya shiga kwamfuta. Yawanci yakan fara ne da asusun ƙaramin ma'aikaci wanda ya saci kalmar sirrinsa, sannan ya nemi hanyar ɗaga matsayinsa zuwa na mai kula da tsarin. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce amfani da manhajojin hidima, wato waɗanda ke aiki a bayan fage tun daga kunna na'ura, kamar mai tura takardu zuwa na'urar bugawa.

A tsarin Windows, da yawa daga cikinsu na aiki ne da asusun SYSTEM, wanda ya fi kowane asusu iko a na'urar. Idan mai kutse ya musanya fayil ɗin da hidima ke kunnawa, ko ya sauya adireshinsa, tsarin da kansa zai kunna muguwar manhajar da wannan iko.

A shekarar 2021 an gano raunin da aka laƙaba wa PrintNightmare a hidimar bugawa ta Windows, lamarin da ya sa kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa a watan Yuli. A Janairun 2022 kuma kamfanin Qualys ya bayyana raunin PwnKit a tsarin Linux, wanda ke ba kowane mai asusu iko mafi girma.

Ana gano irin wannan aiki ne a kundin da kwamfuta ke rubuta abin da ya faru. Lamba 7045 a kundin Windows na nuna an girka sabuwar hidima, haka ma 4697 idan an kunna sa ido a kanta, yayin da 7040 ke nuna an sauya yadda hidima ke tashi. Abin zargi shi ne hidimar da aka girka da tsakar dare, ko mai suna maras ma'ana, ko wadda fayil ɗinta ke ma'ajiyar wucin gadi. Tun da mai kutse kan goge sawunsa, wanda shi ma ke barin lamba 1102, ya kamata a riƙa tura kundin zuwa wata na'ura dabam.

Batun ya shafi birni irin Maiduguri, inda asibitoci da bankuna da ƙungiyoyin agaji ke riƙe da bayanan marasa lafiya da na 'yan gudun hijira. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta kai rahoton kutse ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, cikin sa'o'i 72 da gano shi.