Alamar da Ke Gaban Masifa: Labarin Kalma Ɗaya da Unguwar Kilomita Biyar

Akwai wata kalmar Turanci, "ominous", wadda ake faɗa wa abin da ke nuna cewa masifa tana tafe. Asalinta daga harshen Latin ne, daga "omen", wato alama. Romawan dā sukan duba tashin tsuntsaye da tsawa kafin su fita yaƙi, kuma a wurinsu alama takan zama ta alheri ko ta sharri. Kalmar ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 16. A hankali ma'anar alherin ta ɓace, ta bar ta sharri kaɗai. Hausa ma tana da irinta, wato "shu'umi", wadda aka aro daga Larabci.

Mutanen Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sun ga irin waɗannan alamu da idonsu. Unguwar Kilomita Biyar ita ce cibiyar kasuwancin birnin, inda Hausawa da Fulani da sauran Musulmi suka daɗe suna ciniki da maƙwabtansu Kirista. Ran 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama birnin, Shugaba Bozize ya gudu. Ganima da kisa suka yi yawa, har aka fara ɗora laifin 'yan bindiga a kan kowane Musulmi. Alamar ke nan.

Waɗansu sun gane ta. Akbishop Dieudonné Nzapalainga da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou da Imam Oumar Kobine Layama suka haɗa kai, suna yawo suna faɗakar da jama'a. Duk da haka, ran 5 ga Disamba 2013 mayaƙan Anti-balaka suka auka wa Bangi, ɗaruruwan mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki. Kilomita Biyar ta zama mafakar Musulmin da suka rage. Imam ɗin kuwa ya yi watanni a gidan Akbishop.

Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Fransis ya shiga babban masallacin unguwar, jama'a suka tarye shi da murna. Wannan ma alama ce, irin ta alherin da kalmar ta manta.

A Matiyu sura 16, Yesu ya tsauta wa masu iya karanta sararin sama amma ba su gane alamun zamani ba. Duban tsuntsu camfi ne. Amma ranar da maƙwabci ya daina gaida maƙwabcinsa, lokacin tashi a sasanta ya yi, tun kafin jini ya zuba.