Masu rawanin Panjab: yadda addinin Sikh ya bazu a duniya

A Ɗan Issa, kamar sauran garuruwan bakin iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, kowa ya saba da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Da an ga mutum ya naɗa rawani tsaf, gemu ya cika masa fuska, sai wasu su ɗauka Musulmi ne. Galibi ɗan Sikh ne, kuma addininsa daban yake da Musulunci, daban da Hindu.

An haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a 1469 a wani ƙauyen yankin Panjab kusa da Lahore, cikin Pakistan ta yau. Ya yi kira ga bautar Ubangiji ɗaya, ya ƙi gumaka, ya kuma ƙi tsarin da ke ɗora wani bisa wani tun daga haihuwa. Abokin yawonsa, Mardana, makaɗi ne Musulmi, kuma littafin addinin da aka haɗa a 1604 yana ɗauke da baitocin Shehu Farid, wani sufi.

Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne girkinsu. A kowane ɗakin ibadarsu ana dafa abinci kyauta. Attajiri da matsiyaci su zauna ƙasa a sahu ɗaya, kowa da farantinsa, masu hidima na bi da bokitin miyar wake da gurasa mai zafi. Babban ɗakin ibadarsu na Amritsar yana ciyar da dubun-dubatar mutane kullum, ba a tambayar kowa addininsa.

Takobi daga baya ya shigo. Sarakunan Mugal suka kashe shugabanninsu biyu, a 1606 da 1675, sai shugabansu na goma, Gobind Singh, ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699: ba aski, a sa munduwar ƙarfe, a rataya wuƙa.

Bazuwarsu kuwa aikin Turawan Ingila ne. Da suka ci Panjab a 1849 suka ga jarumtar mutanen, sai suka kwashe su aikin soja da na ɗan sanda zuwa Hong Kong da Singafo. Layin dogon da aka fara a Mombasa a 1896 ya kai wasu Kenya da Yuganda. A yaƙin duniya na biyu, samarin Hausa da Ingila ta ɗiba daga Kano da Katsina da Zariya sun yi yaƙi a dajin Burma cikin runduna guda da sojojin Indiya, har da ƴan Sikh. 

Raba Indiya da Pakistan a 1947 ya tsaga Panjab gida biyu, miliyoyi suka bar gonakin kakanninsu, hijira ta ƙaru. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta samu ƴan Sikh sama da 770,000, ta Ingila da Wales kuma kimanin 524,000.